Surukina Mai Bitar Malamai

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa, wani da wuri wani a makare. Ranar Asabar da hantsi rai ya yi halinsa ga surukina, mahaifin maigidana, a gidansa na Gusau, bayan jinyar da ta ɗan ja. Ba zan kama sunansa a nan ba. Shekara goma sha tara ke nan da aka kai ni gidan ɗansa, ban taɓa faɗin sunan nan da bakina ba, ba kuma yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan fara ba. Baba muke ce masa. Malaman firamare kuwa, daga Bungudu har Tsafe, Baba mai bita suke cewa, domin aikinsa ke nan: tara malamai a ƙara musu sanin yadda ake koyarwa.

Mun zaci jana'izar dangi da maƙwabta za a yi. Kafin a kira azahar layin gidan ya toshe da babura. Motocin haya suna tsayawa a bakin titi suna sauke mutanen da ba mu sani ba, wasu daga gona suka taho, ko ƙafa ba su tsaya wankewa ba. Ƙanin Baba, wanda yake noma a Mada, ya leƙo cikin gida neman ƙarin tabarmi, ya tsaya yana girgiza kai, ya ce wa Inna, uwar mijina, "Ashe wanga bawan Allah ɗiya gare shi haka, mu ba mu sani ba."

Mata sun cika tsakar gida har bakin madafa. Inna tana ƙuryar ɗaki da carbi a hannu. Ita dai abin da ta sani, in ji ta, mutum ya ɗauki jaka da sassafe ya fita, ya dawo da yamma murya a dishe yana neman ruwan ɗumi. Ba ta taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Saboda haka duk malamar da ta durƙusa yi mata gaisuwa, sai ta riƙe hannunta ta tambaye ta me ya yi mata. Wata ta ce shi ya hana ta ajiye aiki. Wata ta ce shi ya raba ta da bulala. Wata dattijuwa daga Tsafe ta ce shiru ya koya mata: in ta yi wa yara tambaya ta ƙirga goma a zuci kafin ta ba da amsa da kanta, kuma a cikin goman nan ne ta gano yaran da ta daɗe tana ɗauka daƙiƙai ashe jira kawai suke buƙata. Inna ta yi murmushi hawaye na zuba, ta ce shi da ko tuwo ba ya jira ya huce.

A waje kuma, kamar yadda maigidana ya ba ni labari, wani tsoho mai dogara sanda daga wani ƙauye bayan Tsafe ya nace sai ya kama makara. Aka ce ya bar wa masu ƙarfi, ya ƙi. Ya kama, ya yi taku kaɗan, aka karɓe shi. Kwana uku ya yi a zauren gidan. Zan zo kan labarinsa.

Malami in ya rasu ɗalibansa suna tuna shi. Amma wanda ya koyar da malamin, yaran da suka amfana da shi ko labarinsa ba su taɓa ji ba. Wannan ya sa na ɗauki biro. Ni malamar firamare ce a Bungudu. Na durƙusa a gabansa a gida ina suruka, na zauna a gabansa a wurin bita ina ɗaliba, abin da na gani a wuraren nan biyu shi zan faɗa.

Ya fara da koyarwa a ƙauye, ya yi hedimasta, ya yi mai duba makarantu, daga baya aka ba shi horar da malamai. Duk inda za a yi bita shi ke riga kowa zuwa. Abu na farko, sai ya sa a fitar da babban teburin da ake shimfiɗa wa ƙyalle domin manyan baƙi, a ja bencina a yi su rukuni-rukuni, kowa na ganin fuskar ɗan'uwansa. Jakarsa ba ta da wani abin burgewa: alli, almakashi, tsofaffin kwalaye, murafen kwalba, da guntayen karan dawa. Ya ce ba ya nuna wa malami abin da ba zai samu a bayan makarantarsa ba.

Bayan addu'a ba ya jawabi. Yakan ce bita ba wa'azi ba ce. Sai ya raba 'yan takardu, kowa ya rubuta abin da ya gagare shi a aji cikin makon nan, ban da suna. Ya cire hularsa ya zaga da ita a zuba a ciki. Abin da ya fito daga hular nan shi ne aikin ranar, ko da takardar da aka ba shi daga ofis wani abu daban ta ce. In an tashi kuma ba ya barin kowa ya fita sai ya faɗi abu guda, guda tak, da zai gwada ranar Litinin. Sannan cikin mako sai ka ji ƙarar tsohon babur ɗinsa a bakin makarantarka, ya zo ya ga ko an gwada. Ya ce bitar da ba a bi ta har aji ba, shuka ce ba noma.

Wata rana a Gusau wani babba daga ofis ya iso ana dab da azahar, da takardar jawabi a hannu, ana riƙe masa jaka. Baba ya tarbe shi da girmamawa, ya ce ai kuwa ya zo a kan gaɓa, rukuni na uku mutum ɗaya ya rage musu. Ya miƙa masa almakashi da kwali. Mutumin ya dubi furfurar Baba, ya zauna ya yanka kwali har aka tashi. Ba a karanta jawabin ba. Daga nan aka daina kiran Baba manyan tarukan da ake yi a otal, shi kuwa ko a jikinsa.

Ina shekara ta biyu da aure aka aiko makarantarmu cewa za a yi bita a Bungudu, sunana yana ciki, kuma shi zai jagoranta. Wanda ya san tsakanin suruka da uban miji a ƙasarmu ya san abin da na ji. Mutumin da nake gaishe shi daga nesa a durƙushe, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Na roƙi maigidana ya nemo mini uzuri. Ya yi dariya ya ce shi da ya haifa ma bai taɓa samun uzuri a wurinsa ba.

Na samu can baya na zauna, na ɓuya a bayan wata malama mai jiki, na jawo hijabi har goshi. Safiya ta wuce lafiya. Bayan azahar sai ya ce kowane rukuni ya fitar da mutum ɗaya ya koyar da darasi na minti goma, sauran su zama yara. Namu darasin rabi da kwata ne. Matan rukuninmu sun san ko ni wace ce a wurinsa, don tsokana suka haɗa baki suka ce ni. Na ɗauka zai ce a canza. Bai ce ba. Ya je ya zauna a kan ɗan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya ce, "Malama, bisimilla. Yau ni ɗan aji ukku ne."

Ranar ya fara ce mini Malama. Na ɗauki alli, na juya wa mutane baya, na yi ta yi wa allo bayani. Ta gefen ido na ga ya ɗaga hannu. Na yi kamar ban gani ba. Bai sauke ba har minti goman suka cika. Da na ajiye alli sai wani malami ya ce ai Malama ta koyar da allo, allo kuwa ya gane, saura su. Ɗakin ya ɗauki dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya buga benci da tafin hannu. Nan take dariya ta tsaya. Ya ce ba a yi wa malami dariya a bitarsa, wanda kuma yake ganin ya iya ya fito yanzu. Ba wanda ya motsa. Sai ya sassauta murya, bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Malama ta san lissahinta, ba ta yi kure ko guda ba. Abin da ya hana ta juyowa ni ne, kowa ya sani, kuma ladabi ne, gidan kirki ta hito. Amma ɗiyata, a ajinki akwai yaron da shike jin nauyinki kamar yadda kike jin nawa. Ya san amsa, bakinai ba ya buɗuwa. Yau kin ɗanɗana abin da shike ji kullum. To mi za a yi mai?"

Bai jira amsa ba. Ya ciro karan dawa ya ajiye a kan tebur, ya ce in sake darasin da shi, sannan ya fita daga ɗakin. Ya zagaya ya tsaya a bayan taga, inda zai ji muryata ni kuwa ba zan gan shi ba. Na juyo na fuskanci mutane. Na karya kara biyu, na ba wannan na ba wancan, na tambayi wanda ya yi mini ba'a nawa ne a hannunsa, na sake karyawa. Har na manta akwai wani a bayan taga. Da na gama ya dawo ya ce to, ga darasi. Shekaru da yawa bayan haka, duk lokacin da ya zo duba ajina, a bayan taga yake tsayawa, ko da rana na dukansa. A gida kuwa bai taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ni ma ban fasa durƙusawa daga nesa ba.

Inna ce ta gaya mini dalilin da ya sa dariya take ɓata masa rai haka, muna gyaran wake a tsakar gida. Ta ce ba haka yake ba da farko. Lokacin da aka fara ba shi aikin nan yana da zafin kai, yana ganin ya fi kowa sani. A wata bita a Tsafe ya kira wani malami da ya girme shi, ya ba shi lissafi a allo. Mutumin ya yi, ya goge, ya sake, abu ya ƙi. A gaban kowa, har da matasan malaman da mutumin nan ya koyar suna yara, Baba ya ce ashe irin abin da ake ɗura wa 'ya'yan mutane ke nan. Aka yi dariya. Mutumin ya ajiye alli a hankali, ya ɗauki kekensa ya tafi. Bai dawo bitar ba, bai koma makaranta ba. Ya koma gona.

Inna ta ce kwana biyu Baba yana juya cokali a kwano ba ya ci. Ya hau babur ya tafi ƙauyen mutumin, aka ce masa mai gidan ba ya nan, alhali ga kekensa a jingine a zaure. Ya koma karo na biyu, mutumin ya fito suka gaisa a tsaye, ya ce hadari ya taso gara baƙo ya kama hanya. A na uku a gona ya same shi. Sai Baba ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya ɗauki fartanya ya kama kunya ɗaya. Sai da suka kai ƙarshen gonar mutumin ya miƙe ya ce ya yafe masa duniya da lahira, amma aji kam ba shi komawa. Kuma bai koma ba. Makarantar ƙauyen ta daɗe ba ta samu wanda ya zauna mata kamarsa ba.

Shi ne tsohon da ya kama makara. Duk kaka Baba yakan je ya gaishe shi, ba ya fashi. Ranar sadakar uku da zai tafi ya kira maigidana gefe, ya ce, "Ubanka ya raba ni da aikina, kuma shi ne ɗan'uwan da ban samu ba cikin dangi. Duk biyun gaskiya ne. Allah Shi gahurta mai." Na rubuta wannan ne domin Baba da kansa ba ya ɓoye shi. Ya sha faɗa wa sababbin masu horarwa cewa shi ya taɓa kashe malami da baki, kada su gada.

Zafin nan bai bar shi duka ba, gida ya fi sanin haka. 'Ya'yansa sun girma suna shakkarsa, kuma ba shi da saurin yaba musu. Rigima mafi girma da na gani tsakaninsa da su bayan ya yi ritaya ce. Malaman Tsafe ba su daina kiransa ba, shi ma bai daina zuwa ba, ga shi hanya ta lalace da ta'asar 'yan bindiga, kullum da labarin da za a ji. 'Ya'yan suka taru suka roƙe shi ya bari. Ya ƙi. Sai Yaya, babban wan maigidana, ya zo ya ɗauke babur ɗin ya kai gidansa ya kulle. Mako guda Baba ba ya amsa gaisuwar kowa a cikinsu. In sun durƙusa sai ya ƙara ƙarar rediyo.

Ba zan ce 'ya'yan ba su da gaskiya ba. Ni ma tsoro nake ji. Amma na ji abin da ya ce wa Yaya ranar da ya buɗe baki, ina bakin madafa: malaman can kullum suna bisa hanyar nan, mata da maza, ba wanda ya kulle musu babur, shi da zai je sau ɗaya a wata shi ne ransa ya fi tsada? Ya ce in ba babur akwai tasha. Sai Yaya ya ce in dai sai an je, to shi zai tuƙa shi da motarsa, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Haka aka yi sulhu, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Maigidana ya ce in bi su, tunda ni ma aikina ne.

Bitar ranar ba ta fita raina. Makarantun ƙauyuka da yawa an rufe, mutane sun taso sun cika gari, aji ya cika har yara na zama a bakin ƙofa. Hula ta zaga kamar kullum. Baba ya ciro takarda ta farko ya karanta: yara suna shigewa ƙarƙashin benci in sun ji babura da yawa sun wuce. Ta biyu: akwai yaron da ba ya yarda a rufe ƙofar aji. Ta uku, mai ita ya rubuta cewa shi kansa in ya tsaya gaban allo sai ya manta abin da zai ce, tun ranar da aka shiga garinsu. Baba ya ninke takardun ya riƙe. Sannan ya ce bai sani ba. Ya ce tsawon shekarunsa a aikin nan ba wanda ya koya masa wannan, kuma ba zai yi musu ƙarya ba.

Sai ya tambaya ko akwai wanda ya gwada wani abu, ko da bai yi ba. Can wata matashiyar malama ta ce ita takan fara da waƙar tafi kafin darasi, in hannuwa suka saki sai baki ya biyo. Wani ya ce ya mayar da yaron nan bakin ƙofa, ya ce masa shi ne mai tsaron ƙofa, tun daga nan ya fara zama har a tashi. Wata ta ce ta daina bari a kaɗa ƙararrawa ba zato, sai ta gaya wa yara tukuna. Baba ya ɗauki alli yana rubuta duk abin da aka faɗa, yana tambaya kamar ɗalibi: kwana nawa kafin ki ga canji, in ya ƙi fa? Allo ya cika ya goge gefe ya ci gaba. Wanda ya rubuta takarda ta uku ya bayyana kansa da kansa, ya yi magana, ya yi kuka, ba wanda ya kawar da kai, ba kuma wanda ya katse shi. Da za a tashi Baba ya haɗa su biyu-biyu, kowa da wanda zai riƙa leƙa ajinsa, ya ce shi tsoho ne, kada su rataya a wuyansa. A hanyar dawowa, da muka shigo Gusau, Baba ya ce wa Yaya yau shi ma ya yi karatu.

Abin da 'ya'ya suka kasa ƙafa ta yi. Ciwon gwiwa ya zaunar da shi, sannan ciwon ciki ya biyo. Zaurensa ya koma wurin bita, malamai na zuwa ɗaya-ɗaya da matsalolinsu. Ni kuma duk Asabar nakan zo daga Bungudu in duba su. A lokacin na kai ga zama a gefen tabarmarsa, kaina a ƙasa, mu yi zancen aiki. Zancen aiki kawai. In ya ƙare sai in tashi.

A zangon karatun da ya wuce aka kawo mini wata yarinya aji huɗu, 'yar kimanin shekara goma, iyayenta sun taso daga ƙauye suna zaune a wani kango. Ba ta karatu, ba ta magana. In na kira sunanta sai ta dube ni kawai. Na gwada duk abin da na sani har na fara cire rai, sai na kai masa. Ya saurara ido a rufe. Ya sa aka miƙo masa jakarsa, ya ciro kwali da almakashi. Hannunsa na rawa, na ce ya kawo in yanka, ya ƙi. Ya yanka ƙanana-ƙanana, ya rubuta gaɓa ɗaya a kan kowanne: ba, gi, da, ru, wa. Ya ce kada in tsayar da ita gaban aji ko sau ɗaya. In zauna da ita lokacin hutun tara, ni da ita, in riƙa haɗa kwalayen ina faɗi, in bar su a hannunta, kada in ce ta maimaita. Na tambaye shi har yaushe. Ya ce har sai ta ga ba sauri nake ba.

Duk Asabar, kafin in gama gaisuwa, sai ya ce, "Ɗiyar nan fa?" In ce tukuna. Ya ce a ci gaba. Mako bakwai muna haka. Jikinsa yana ta ja baya, har ya daina fitowa zaure, abinci sai kunu cokali biyu, wani lokaci yakan rikita sunayen jikokinsa. Amma tambayar nan bai taɓa mantawa da ita ba.

Ranar Alhamis ta mako na takwas muna zaune a gindin dalbejiyar makaranta, sauran yara suna can suna guje-guje. Na zuba kwalayen a kan tabarma ina neman wanda zan fara da shi. Sai na ga hannunta ya rigaye ni. Ta jawo gi, ta jawo da, ta haɗa su. Ta daɗe tana kallo. Sannan da wata 'yar murya da ban taɓa ji ba ta ce, "Gida." Ban motsa ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Namu an ƙone shi." Na ce Allah zai ba su wani. Ta gyaɗa kai, ta jawo ru da wa, ta karanta. Ta karanta huɗu kafin a koma aji.

Da na koma gida da la'asar na ɗauki waya. Lambarsa tana ciki, shekara da shekaru, ban taɓa kiranta ba. In da saƙo, ta bakin maigidana ko Inna yake bi. Maigidana ya ce in kira shi mana, zai ji daɗi. Na riƙe wayar na ɗan lokaci, na ji nauyi, na ajiye. Na ce ai jibi Asabar, gara in faɗa masa baki da baki.

Ranar Asabar ina tashar Bungudu, kwalayen suna cikin jakata don in nuna masa waɗanda ta haɗa, mota saura mutum biyu ta cika, sai wayar maigidana, wanda ya riga ni zuwa Gusau, ta shigo. Ya ce in zo, amma ba sai na yi sauri ba.

Na yi kuka a kan rashinsa kamar kowa. Amma wanda ke dawo mini in na idar da sallah shi ne na kwana biyun nan da na riƙe masa labari a hannu. Ya jira shi mako bakwai, kuma da kira ɗaya ya isa. Na gaya wa Inna, ta ce kada in ci kaina, kunya ba laifi ba ce, shi ma ya san irin surukar da yake da ita. Na ji, amma ban huce ba. Shi ya sa zan faɗa a nan, tunda ban faɗa a lokacinsa ba.

Baba, yarinyar nan ta karanta. Yanzu tana haɗa gaɓa uku, kuma jiya ta yi faɗa da wata a kan fensir, har sai da na raba su.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka zafinka, Ya haskaka makwancinka. Duk harafin da wani yaro ya karanta ta hannun malamin da ka koyar, Allah Ya kai ladan inda kake kwance. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.